Amanar ajin jardan: tsumagiya, bidiyon yara da ƙaro ilimi

Wata matashiya mai koyarwa a jardan, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, ta rubuto daga Tahoua: "Hajiya, ina gaisuwa. Bana aka ɗauke ni koyarwa a wani jardan mai zaman kansa a cikin gari. Takardar BEPC gare ni, horon da aka yi mana kuwa na 'yan kwanaki ne. Yarana 'yan shekara huɗu ne, sun haura 40. Mai makarantar ta ce in riƙe 'yar tsumagiya don su ji tsorona, in riƙa ɗaukar bidiyonsu ana sakawa a Facebook saboda talla. Iyaye kuma so suke su ga kaye cike da rubutun Faransanci. Raina bai kwanta ba. Mene ne ƙa'idar wannan aiki? Kuma yaya zan ƙaro ilimi alhali albashin bai taka kara ya karya ba?"

Ɗiyata, ina amsawa, Allah ya yi miki albarka. Tambaya biyu kika yi, amma a wurina guda ce.

Ɗan aji shida idan mushe ya zalunce shi, zai je gida ya faɗa, har ya kawo shaidu cikin abokansa. Ɗan shekara huɗu bai iya tsara abin da aka yi masa ba, in ma ya faɗa sai a ce shirmen yara ne. Anspekta ba kullum yake leƙowa ba, mai makaranta tana ofis tana lissafin kuɗin wata, uwa tana gida ko kasuwa, uba wataƙila yana Abijan wajen biɗa. Daga ƙarfe takwas har a tashi, daga ke sai su sai Allah. Nauyin wannan aiki ke nan: babu mai tsaron malamar jardan sai ita kanta. Kuma a iya zagayen da na yi ina shiga azuzuwan ƙanana, daga cikin gari har ƙauyuka, mafi yawan cutar da na ga ana yi wa yara daga hannun matan kirki ta fito. Mace ce mai sallah, mai son yara, amma tana dukan yaro don ya yi fitsari a wando, saboda a ganinta ganganci ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata yadda jikin yaro da hankalinsa suke aiki a wannan shekaru. Malamar da ta daina koyo ba za ta iya riƙe amanar ba, ko da zuciyarta fara ce tas.

Mu fara da tsumagiyar, don ita ce kika kwana da ita a rai.

Ta fuskar doka maganar a bayyane take. Tun 1981 ma'aikatar ilimi ta fitar da takardar umarni da ta hana dukan ɗalibai a makaranta. A 1990 Nijar ta rattaba hannu ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aka zartar a 1989. Sashe na 19 ya wajabta kare yaro daga kowane irin duka da cin zarafi, na 28 ya ce ladabtarwar makaranta ta kasance ba ta zubar da mutuncin yaro ba, na 31 kuma ya ba shi haƙƙin wasa da hutu. Kasancewar makaranta ta kuɗi ce bai fitar da ita daga wannan ba. Ranar da tsumagiya ta sami idon yaro, hannunki za a tambaya, mai makarantar za ta ce ita cewa kawai ta yi ki riƙe.

Na sani sarai takardar doka ba ta riƙe aji mai yara 40. Abin da ke riƙe shi shi ne ki san me ya sa suke hayaniyar. Yaro a wannan shekaru da wuya ya tsaya kan abu guda ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kuma kada a tsare shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere. To ki duba abin da muke yi: mu jera su a tabarma ko benci, hannu a ƙirji, baki a rufe, ƙarƙashin kwano a watan Afrilu lokacin da zafin Tahoua ya haura digiri 40, mu ce su maimaita harufa har hantsi ya dubi ludayi. In ɗaya ya miƙe sai mu ce ba ya jin magana. Jikinsa ne yake neman abin da aka halicce shi da shi.

Akwai wata malama da na taɓa zama a ajinta, a wani jardan na unguwa. Yaranta sun fi naki yawa, kuma ban ji ta ɗaga murya ba. Tana da tafi uku da yaran suka sani: ta tafa, su amsa da nasu, aji ya yi tsit. Ta kasa su gida huɗu. Waɗannan suna ware marafen kwalba, ja gefe, shuɗi gefe. Waɗancan suna murza yumɓu suna yin tukwane da shanu. Na uku suna zane da yatsa a faifan da aka zuba wa yashi. Na huɗun suna gabanta tana yi musu ƙidaya da ƙwallon goruba. Kafin su gaji ta tafa, kowane gida ya matsa gaba. Ana cikin haka wani yaro ya gantsara wa ɗan'uwansa cizo saboda murfi guda. Ta fara zuwa wurin wanda aka ciza, ta duba hannun, ta rarrashe shi. Sannan ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na mai cizon, ta riƙe hannuwansa biyu, ta ce: "Cizo yana da zafi. Ba a cizo a nan. In kana son murfin, ka ce ba ni." Ta zaunar da shi kusa da ita ɗan lokaci, ba tare da ta kore shi waje ba, daga baya ta sa shi ya kai wa wancan ruwa. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba. Wannan sana'a ce, koyonta ake yi kamar ɗinki, kuma za ki iya.

Iyaye za su ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki ce gaskiya ne, amma da hannu ake tanƙwara ɗanyen icce, a hankali, wanda ya sa masa ƙarfi karya shi yake yi. Masu kawo hujjar addini kuma, ki tuna musu cikin ladabi cewa ko sallah, da ta fi komai girma, sai yaro ya shekara bakwai ake umartarsa da ita. Yaranki ko nan ba su kai ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Binciken zamani ma nan ya faɗo. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, suka tarar duka ba ya gyara hali, yaran da ake duka ma sun fi yawan faɗa da taurin kai. Duka yana sa yaro ya yi shiru a lokacin, shi ya sa muke zaton yana aiki.

Kada kuma ki ajiye tsumagiya ki ɗauki 'yan'uwanta. Durƙuso a rana, hana yaro fita bayi, ƙwace masa abincinsa, tsoratar da shi da dodo ko allurar likita, kiransa jaki ko daƙiƙi, sa 'yan aji su yi masa ihu don ya jiƙa wando: duk cikin horon da ba ya halatta suke, wasu ma sun fi bulala daɗewa a zuciya. Yaron da ya yi fitsari, ki janye shi gefe shiru, ki canja masa, ki sa iyaye su riƙa ajiye wandon canji a jakarsa. Ƙazantarsa tana cikin aikin da kika karɓa.

Yanzu ga inda rashin sani ya fi yin ɓarna. Yaron da kike kira sau uku bai waiwayo ba, kafin ki ce raini ne, ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali, ki ga ko yana ji. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna barin yaro da raunin ji ba tare da gida sun lura ba. Yarinyar da kullum take kwance a tabarma ba ta son wasa, ki dubi gashinta, ki dubi damtsenta. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan ma'aunin damtse mai launi uku da ake gwada yara 'yan wata 6 zuwa 59: ƙasa da milimita 125 tamowa ce, ƙasa da 115 kuma mai tsanani ce, sai gidan likita. Mai ciwon emasi, wato amosanin jini ko sikila, yana buƙatar shan ruwa a kai a kai, sanyin hunturu da gajiya suna tayar masa da ciwo, kuma in ya ce ƙafarsa tana ciwo ki yarda da shi. Idan farfaɗiya ta kama yaro, ko zafin masassara ya sa shi jijjiga, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe, in abin ya wuce minti biyar a garzaya gidan likita. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, don haka kada ki bari yara su gudu su bar shi, ke ma kada ki gudu. Mai in'ina kada ki katse shi ko ki ƙarasa masa magana. Tsakanin shekara biyu zuwa biyar yara da yawa suna yin ta, akasarinsu kuma tana barinsu. Bahago kuwa, kusan mutum ɗaya cikin goma haka aka halicce shi. Cin abinci da dama tarbiyyar gida ce da ta addini, ana koya ta da lallashi, amma alli da fensir ki bar shi ya riƙe da hannun da ya fi masa.

Ko tatsuniyar da yaro yake shararo miki, cewa ya ga zaki a bayan gidansu, ba ƙarya ba ce irin ta manya. A wannan shekaru abin da ya gani da abin da ya raya a ransa ba su gama rabuwa ba.

Maganar tsaron rai ba na wasa da ita, kuma kowa a ƙasar nan ya san dalili. A watan Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, akasarinsu 'yan jardan. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Bayan nan ne gwamnati ta hana sa 'yan jardan a azuzuwan zana. Ko ajinki na siminti ne, ki tambayi kanki: in wani abu ya faru yanzu, ta ina zan fitar da yara 40? Ƙofa kada a kulle ta da kwaɗo yara suna ciki, kada a tare ta da benci. Ki koya musu fita a layi da wasa, har ya zama jiki. Ki ƙirga su da safe, ki ƙirga bayan shan iska, ki ƙirga kafin tashi. Randa ko durom na ruwa a rufe. Ƙananan abubuwa irin ƙwallon dabino da duwatsun ado, ido a kansu, don baki da hanci suke nufa. Kuma ki san wanda yake zuwa ɗaukar kowane yaro. In wani baƙon ɗan kabu-kabu ya zo ya ce uwar ce ta aiko shi, ki kira uwar tukuna, ko zai yi fushi.

Akwai wadda ta fi waɗannan nauyin faɗa. Idan kika ga tabon da bai yi kama da na faɗuwa ba, ko yarinya tana jin zafi wajen zama, ko yaro ya fara wasan da bai dace da shekarunsa ba, ko yana firgita in ya ga wani mutum, kada ki kawar da kai. Kada kuma ki zama ɗan sanda, kina yi masa tambayoyi kina sa masa magana a baki. Ki saurara, ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa da ranar, ki sanar da shugabar makaranta. Akwai ma'aikatan kare yara na jiha, akwai sashen 'yan sanda mai kula da ƙananan yara, akwai alƙalin yara. In wanda ake zargi ma'aikacin makarantar ne, aka ce a rufa asiri don sunan makaranta, to ki sani yaro kike yi wa aiki kafin kowa. Ke ma ki tsare kanki: kada ki keɓe da yaro a ɗaki rufe, kada ki aiki yaro wurin mai gadi shi kaɗai.

Sai bidiyo. Fuskar yaro ba ta makaranta ba ce, ba kuma taki ba. Ba a ɗaukar hotonsa a watsa sai da yardar iyayensa, yarda ta gaske wadda aka tambaya aka bayyana inda za a saka, kuma wanda ya ce a'a a kiyaye masa. Tun 2017 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutum, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Bidiyon da ya nuna fuskar yarinya, da rigar makarantarta, da sunan unguwa, ya gaya wa duk mai mugun nufi inda zai same ta da ƙarfe nawa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na ban dariya: yaro yana kuka, ko yana gyangyaɗi, ko ya kasa faɗin wata kalmar Faransanci, malama tana ƙyalƙyala dariya a bayan waya, gobe ya cika TikTok. Yaron zai girma ya tarar da shi. In talla ake so, ki ba mai makarantar shawara a ɗauki aikin hannun yaran, tukwanen yumɓu da zane-zane, ko a ɗauke su ta baya suna wasa. Ita kanta wayar, in yara suna gabanki, cikin jaka take zama.

Sirrin gidajen mutane ma haka. Ɗan shekara huɗu ba ya da linzami. Zai gaya miki babansa ya mari mamansa, jiya ba a ɗora tukunya ba, an kai kakarsa wurin boka. Tahoua kuwa gari ne da kowa ya san kowa. Abin da kika ji a aji ba na hira ba ne a gidan biki, ba kuma na ɗakin malamai ba, sai in ya shafi lafiyar yaron ko tsaronsa, sannan ga wanda ya kamata kaɗai.

Kyauta ba zan ja ta da nisa ba. Goron sallah ba laifi, amma ki auna kanki: ɗiyar wanda ya aiko da turmin atamfa da ɗiyar mai tuyar ƙosai, wa kika fi ɗauka a cinya? Yara suna gani. Kada ki sayar musu da alewa ko biskit a aji, don wanda ba shi da ko dala ya san ba shi da ita. Ɗan Buzaye da ɗan Fulani da suka zo ba sa jin Hausa sosai, ki koyi gaisuwa da "ruwa" da "zo" da "sannu" a harshensu. Maganar asali kuma, wane ɗan wane ne, wane gidan maƙera ne, a bakin ƙofa take tsayawa.

Batun kaye da Faransanci, a nan ina tausaya wa iyaye. Sun biya kuɗi, suna son ganin shaida. Sai dai shafi cike da harufan da malama ta kama hannun yaro ta rubuta yaudara ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Yatsun da za su riƙe alƙalami a murza yumɓu da wasan carafke da zane a yashi suke ƙwari. Karatu kuma a kan magana yake tsayawa: yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa ko Tamajak, ya iya tambaya, ya iya jin bambancin sautuka, shi ne zai ɗauki karatu da sauri a kowane harshe. Ƙasarmu ta daɗe da sanin haka, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Faransanci ya shigo ta waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa, da baki, ba tare da an hukunta wanda ya yi harshen uwarsa ba. Kakanninmu da suka yi lakol zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya don ya yi Hausa ba su manta ba har suka tsufa.

In kina son hujjar da za ki ba iyaye masu karatu, ga guda. A birnin Kingston na Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an ɗauki ƙananan yara da tamowa ta tsumburar, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako tsawon shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Wasa da magana ne kawai, babu kaye. Ga sauran iyaye kuwa, abin da ya fi aiki shi ne ki gayyace su wata safiya su zauna su kalli ɗansu yana ƙirga goruba, yana ba da tatsuniya a gaban 'yan'uwansa.

Mai makarantar kada ki tunkare ta a gaban mutane, kada kuma ki nuna mata kin fi ta sani. Ki same ta ita kaɗai, ki ce: "Madam, ki ba ni wata guda in gwada riƙe ajin ba tsumagiya, ki shigo ki gani." Yawancinsu tsoron hayaniya da ƙorafin iyaye suke yi, in sun ga aji a natse shi ke nan. In akwai ƙungiyar uwaye ko kwamitin iyaye, ki jawo su jiki. Jiharmu tana da tarihi a nan: a Tahoua aka fara shirin "Makaranta don kowa" a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya ƙarfafa COGES, wato kwamitocin kula da makaranta, kuma ta hannun irin waɗannan kwamitoci ne ƙauyuka da dama suka buɗe jardan na al'umma. In duk da haka aka ce lallai sai kin yi duka, ki ƙi, cikin ladabi, ki fara neman wani wuri.

To, ƙaro ilimin.

Makarantarki ta farko ajinki ne, kuma kuɗinta kaye guda. Kowace rana ki zaɓi yara biyu ko uku ki sa musu ido. Bayan an tashi ki rubuta abin da kika gani, ba abin da kika yanke ba. Kada ki rubuta "wane mai faɗa ne". Ki rubuta "ya ture yara biyu a layin wanke hannu, wajen ƙarfe goma, bai ci komai ba tun safe". Bayan 'yan makonni za ki buɗe kayen ki ga faɗan nasa kullum kafin cin abinci yake zuwa, kin kuwa sami maganinsa. Maria Montessori, da ake ta sayar da sunanta a allunan makarantun kuɗi, likita ce da ta buɗe ajinta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, kuma da zama tana kallon yara ta gina hanyarta.  Kayen nan ki adana shi inda ba mai karantawa, don sirrin yara ne a ciki.

Na biyu, 'yan'uwanki malamai. Malaman gwamnati suna da taron CAPED, inda malaman yanki guda suke haɗuwa, wani ya koyar a gabansu a tattauna. Ki je ofishin anspekta mai kula da jardan, ki gabatar da kanki, ki roƙi a riƙa sanar da ke, ki kuma nemi kofin tsarin karatun jardan na ƙasa, don abin mamaki ne yawan masu koyarwa da ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Konseye, mai ba malamai shawara kan koyarwa, in ya zo ajinki kada ki shirya masa wasan kwaikwayo da yaran da suka fi ƙoƙari. Ki nuna masa inda ya gagare ki, aikinsa ke nan. Ki kuma nemi wata tsohuwar hannu ki roƙi zama a bayan ajinta safiya guda, ita ma ta zo naki ta gaya miki gaskiya. Sukar tana da ɗaci, amma ta fi yawancin tarurrukan horo amfani.

Tunda na ambaci tarurruka: akwai masu bin su don kuɗin zama da takardar shaida, su dawo aji su ci gaba da abin da suka saba. Akwai kuma masu shirya horon kuɗi na kwana biyu su ba ki takarda mai hatimin zinariya da ba wanda ya san ta. Kafin ki ba da jikkunanki, ki tambayi ofishin anspekta ko sun san da su. Duk horon da kika je, ki fito da abu guda da za ki gwada ranar Litinin.

Na uku, tsofaffin unguwa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa da na reno, wasannin tafi, duk kayan aikin jardan ne, kuma suna bakin kakannin da suke kawo miki jikoki da safe. Ki zauna da su ki rubuta. Ki tace, don wasu tatsuniyoyin na tsoratarwa ne, wasu waƙoƙin kuma na manya. Haka ma'aikaciyar gidan likitan unguwa: ki roƙe ta ta nuna miki awon damtse, da abin da ake yi wa yaron da ya shaƙe, da alamun da ba a jira da su. Rabin awa zai ishe ta.

Waya tana da amfani in kin iya zaɓe. Za ki ga azuzuwan Turai masu yara 15 da kabad cike da kayan wasa. Kada ki karaya, kada kuma ki kwafa ido rufe. Ki tambayi kanki me wasan yake koyarwa, sannan ki nemi abin da zai yi wannan aiki cikin kwali da karan dawa da marafen kwalba.

Takarda kuma ki neme ta, don ita ce za ta fitar da ke daga hannun mai biyan abin da ya ga dama. Makarantar horon malamai ta Kaocen tana nan cikin Tahoua, jami'ar Djibo Hamani kuma tana da tsangayar ilimin koyarwa. Sharuɗɗan shiga sukan canja, kuma ƙara ɗaga matakin takardar da ake nema ake yi, saboda haka ki sa BAC, jarrabawar kammala lise, a gabanki. Ana zana ta ko mutum ba ya zuwa lise, in ya yi rajista a matsayin mai zaman kansa. Ki tanadi takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da kofin BEPC da aka buga wa hatimi tun yanzu, don in sanarwar gasar ta fito, kwanakin ajiye takardu ba su da yawa.